Jan Ɗakin Iya Luba

Ni mai fenti ne. Shekarata goma sha ɗaya a sana'ar, ina kuma da ɗan shago a kan titin Kiyawa a nan Dutse inda nake haɗa wa mutane kala. Na faɗi haka tun farko don a san cewa wanda aka kunyata a labarin nan ba ɗan koyo ba ne. Wadda ta kunyata ni kuwa kakata ce, Iya Luba, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe burushi ba tun da Allah Ya halicce ta.

A Aujara aka haife ta, a can ta yi aure, a can kuma ta raine ni bayan mahaifina ya rasu ina ɗan shekara huɗu. Ba ta san shekarunta ba, kuma ba ta son a tambaya. In ka matsa mata sai ta ce ka je ka tambayi kukar bakin kasuwa, sa'arta ce. Mu dai a lissafinmu ta haura tamanin. 'Yar siririya ce, ga baki, ga hannu kamar na namiji saboda aiki. Ni take kira maigida, irin wasan nan na kaka da jika, kuma kullum sai ta yi ƙorafin cewa ta auri rago.

Waɗanda suka tashi a kan tayil ba su san daɓe ba, don haka bari in ɗan yi bayani. A da, in an gina ɗaki, mata ne ke yi masa ƙasa. Za a zuba burji, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowacce da madaɓinta na itace, su yi ta duka suna waƙa har ƙasar ta kwanta. Daga nan sai a kawo makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, a shafe ƙasar da gindin bango, a sake duka, gobe a sake, jibi a sake. In an gama sai ka ga ɗaki ya yi wani irin ja mai duhu, yana sheƙi, ruwa ba ya cinsa. Iya ce ke jiƙa makubar a ƙungiyarsu, ita ce kuma ke cewa ya yi ko bai yi ba. Su bakwai ne. Har Taura ake aiko musu in za a yi biki, su tafi a amalanke, su dawo da goro da ƙwaryar fura da ciwon gwiwa. Wadda ke durƙusawa kusa da ita kullum ita ce Inna Bilki, aminiyarta, bahaguwa, wadda madaɓinta ke karo da na kowa, su yi ta faɗa suna dariya.

Siminti ne ya kashe sana'ar. Daɓen ƙarshe da su bakwai ɗin suka yi tare shi ne na ɗakin Iya, lokacin da kakana Malam Jaji ya sake mata gini. A kan wannan daɓen na yi rarrafe, a kansa na koyi zama, a kansa aka sha zane ni. Bayan haka sai matan suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Malam Jaji ma ya bi su. Iya ta zauna a ɗakinta da awakinta uku, ta ƙi Dutse ƙememe duk da roƙon da na yi ta yi mata.

Daminar shekara uku da suka wuce ce ta raba gardamar. An kwana uku ana ruwa a watan Agusta. Da hantsi, tana gidan maƙwabta wajen suna, bangon ɗakinta na gabas ya zauna, rufin ya biyo shi. Allah Ya kiyaye, ko kaza ba ta mutu ba. Na ɗauki a-kori-kura na tafi. Na same ta tana ta tone-tone a cikin ɓaraguzai, ta hana kowa taimaka mata. Ta tara abin da ta tara a cikin wani shuɗin zane, ta ƙulle shi tamau, ta rungume, ta shiga gaban mota.

Ɗakin da na tanadar mata a gidana na unguwar Takur, ni dai a ganina babu abin kushewa a cikinsa. Farin fenti fes, tayil, fanka, katifa sabuwa da ledarta. Iya ta shiga, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ajiye ƙullinta a bakin ƙofa, ta shimfiɗa tabarma kusa da shi. Matata Zulfa, wadda a lokacin take da ƙaramin ciki, ta ce, “Iya, kawo in kwance miki kayan in jera a sif.”

“Baƙo ba ya kwance kaya, 'yar nan,” in ji Iya. “Ruwa na ɗaukewa zan koma.”

“Ki koma ina?” na ce. “Ɗakin awaki?”

“Su ba su taɓa yi mini rashin kunya ba.”

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Ashe ba haka ba ne. Sati ya wuce, wata ya wuce, ƙullin nan yana bakin ƙofa kamar mai jiran mota. Kayan da Zulfa ta ɗinka mata take sawa, ta wanke, ta ninke, ta mayar mata kamar na aro. Tuwo sai ta gutsura sau uku ta ture. Matar da ba a iya rufe mata baki ta koma sai an yi mata tambaya take magana. Ta daina ce mini rago, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Tsoro ne ya kama ni sosai. In ta koma Aujara babu ɗaki, babu mai kula da ita. In ta zauna a haka kuma, ina kallo za ta ƙare a gabana.

Zulfa ce ta fara ganowa. Ta ce mini ta lura Iya ba ta kallon bango, in tana zaune a ɗakin idonta a rufe yake ko a ƙasa. Da ta tambaye ta, sai ta ce ɗakin ba shi da jini, in ta farka sai ta ga kamar an kwantar da ita a asibiti.

Na yi dariya har da tafi. Jini? Ai an zo gidan sarkin jini. Na ɗauko katin kaloli daga shago, na buɗe mata shafin ja, na ce ta zaɓa. Ta riƙe shi nesa da fuskarta, ta karkata kai.

“Duk waɗannan ja ne?”

“Kala ashirin da huɗu, Iya.”

“Wannan tattasai ne. Wannan zoɓo. Wannan manja. Wannan tofin goro ne a kan titi. Wannan kuma lallen da bai kama ba.” Ta miƙo mini abina. “Miya za ka yi mini ko ɗaki?”

Tunda ta ƙi zaɓa, sai na zaɓa mata. Na ɗauko ja mai haske, irin wanda matasa ke so a falo, na shafe bango huɗu daga ƙasa har silin. Da ya bushe na tsaya a tsakiyar ɗakin, ni kaina na ji zufa ta karyo mini. Zulfa ta leƙo, fuskarta ta koma ja kamar mai zazzaɓi. Iya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Sannu, maigida. Ka cire ni daga asibiti ka kai ni mahauta.” Ta ja tabarmarta da ƙullinta zuwa baranda.

Na sake da mai duhu, wanda ta kira zoɓo. Ta ce wannan sai ɗakin amarya mai son a sani. Daga nan ne dabarar da har gobe ake yi mini tsiya a kanta ta faɗo mini. Na ce ai makuba take nema, to me ya hana a ba ta makuba? Na je kasuwar Shuwarin na nemo ɓawon ɗorawa, na jiƙa shi kwana biyu a bayan shago, na tace, na tuttula ruwan a cikin bokitin fenti guda. Ina juyawa fentin ya tsinke, ya yi gudaji kamar nonon da ya kwana uku. Taurin kai ya sa na shafa shi duk da haka. Ya zubo layi-layi a bango, ga wari. Iya ta zo ta gani, ta dafa ƙofa, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, hawaye na zuba. Rabon da in ji dariyarta tun kafin ɗakinta ya faɗi. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, ban san wanne ya fi yawa ba.

Amma dariya ba ta kwance ƙulli. Ruwa ya ɗauke, aka fara yankan gero. Ban san yadda aka yi ba, Iya ta aika wa Ɗan'inna, wani direba ɗan Aujara da ke jigila zuwa Dutse, cewa ya biyo ya ɗauke ta ranar Laraba. Ranar Asabar na ji labarin, a bakin Zulfa.

Lahadi na kankare bangon, na mayar da shi fari. Litinin da safe na haɗa ja kala uku da duk iyawar da nake da ita, na ƙara ƙasa-ƙasa a wannan, na ɗiga baƙi a wancan, na shafa su faci uku a jere. Da la'asar suka bushe, na kira ta. Ta dubi na farko ta wuce. Ta dubi na biyu ta taɓe baki. A na uku ta ɗan daɗe, har na fara sa rai.

“Kama da wane ba ta wane,” ta ce, ta juya za ta fita.

Nan raina ya ɓaci. Zulfa har yau tana cewa wayo na yi, da gangan na tsokane ta. Ina ma a ce haka ne. Gaskiya gajiya ce da tsoro suka yi magana da bakina. Na ce, “Iya, ni fa ina ganin wannan jan naki babu shi a duniya. Tsufa ne ya ƙara masa kyau a idonki. Daɓen naku ma ai laka ce kawai da ruwan ɓawo.”

Zulfa ta dafe baki. Iya ta dube ni irin kallon da take yi mini in na ɗebo mata ƙasa a tuwo ina yaro. Ta fita baranda, ta jawo ƙullin nan har tsakiyar ɗakin, ta zauna, ta kama ƙullin da yatsunta. Wata biyu da rabi yana ɗaure, ya jiƙe ya bushe, ya zama kamar dutse. Ta ja, ta murɗa, yatsun suka ƙi. Na ce bari in kawo wuƙa, ta harare ni. Zulfa ta durƙusa da cikinta, ta ce, “Iya, riƙe nan, ni in ja nan.” Su biyu suka yi ta fama har ya saki.

Kayan ba su da yawa. Kwanon shanta, carbin Malam Jaji, zannuwa biyu, madaɓinta da ya yi santsi don tsufa. A can ƙasa akwai wani abu naɗe a cikin kallabi. Ta warware shi a hankali. Ɓallin daɓe ne, faɗinsa bai fi faifai ƙarami ba, ya yi furu-furu da ƙura. Abin da take tono ke nan ranar da na je ɗaukar ta.

“Miƙo buta, rago,” ta ce.

Ta zuba ruwa a tafin hannunta, ta shafa a kai, ta murza. Sai jan ya taso. Shekara takwas ina haɗa kala ban taɓa ganin irinsa a bokiti ba, amma ina ganinsa na gane shi, domin a kansa na girma. Ja ne mai zurfi, akwai ƙasa-ƙasa a cikinsa, akwai ɗan baƙi a ƙarƙashi, kuma ba ya tsole ido. Ba ya ihu irin jan da na shafa mata. Na tuna yadda yake da sanyi a kumatuna in na kwanta a kansa da rana.

Ta kama yatsana ta ɗora a kan wasu 'yan layuka da suka karkata hagu. “Ka ji nan? Bilki ce. Duk duniya babu mai karkata madaɓi haka sai ita. Nan kuma ni ce.” Ta ɗago ta dube ni. “Mu bakwai muka durƙusa a kan wannan. Saura ni. Sai ka sake cewa laka ce.”

Na ba ta haƙuri. Ta ce in adana haƙurina in ɗauko bokiti.

Abin da ya biyo baya shi ne kwana biyu mafi wahala a sana'ata. Iya ta zauna a tabarma, ɓallin daɓen a gabanta, ta zama uwar aiki kamar da. In na ɗiga baƙi sai ta ce ya yi yawa, kamar ƙwayar gero ta ce, ba ta masara ba. In na shafa na ce ta duba, sai ta ce wa ke duba daɓe yana ɗanye? A jira ya bushe. In ya bushe kuma ba a duba shi sau ɗaya. Sai an gan shi da hantsi, an gan shi da azahar, an gan shi in rana ta yi sanyi, domin jan da ya yi maka fara'a da safe yana iya ɗaure maka fuska da yamma. Ta hana ni dubawa a tsaye. Ta ce masu ɗaki a zaune suke rayuwa, in zauna a ƙasa in gani. Na zauna, kuma wallahi kalar ta canja.

Babban kuskurena kuwa, ashe ba a kalar yake ba. Ta ce ja daga ƙasa yake tasowa, ba ya hawa sama. Ta jingina da bango, ta sa na ja layi daidai kafaɗarta. Daga nan zuwa ƙasa ja, daga nan zuwa sama fari, shi ma farin sai da aka karya shi da ɗigon fenti ruwan ɗorawa ya koma kamar farar ƙasa. Duk shekarun nan ina shiga ɗakinta na Aujara ban taɓa lura da haka ba. Da gaske ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Laraba da hantsi muka ji hon a ƙofar gida. Zulfa ta shigo ta tsaya. Ni ina riƙe da rola, fenti na ɗiga a ƙafata, na kasa juyowa. Iya tana tsugune tana gwada ɓallin daɓen da gindin bango, yatsanta duk ja.

“Iya, Ɗan'inna ne,” in ji Zulfa a hankali.

“Ki ce masa ya tafi,” ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. “Bai ga ana aiki ba? Ki ba shi ruwa ya sha. Kai kuma, nan kusurwar ka bar fari.”

Na gyara kusurwar. Sai da na goge idona da hannun riga kafin in ga inda take nunawa.

Yau shekara uku ke nan. Iya tana ɗakinta, kwanon shanta a kan taga, madaɓinta a rataye, ɓallin daɓen a kan sif inda ba mai taɓawa sai ita. Tana cinye tuwonta ta nemi ƙari, ta kuma kushe miyar. Matan unguwa sun gano ɗakin, kullum da la'asar za ka same su a zaune sun jingina da bango suna hira, wai ya fi ko'ina sanyi a gidan, alhali fanka ɗaya ce da ta kowa. In mai saye ya zo shagona yana neman ja, na daina miƙa masa kati. Sai in tambaye shi ina tagarsa take kallo, a kujera suke zama ko a ƙasa, in shafa masa faci uku in ce ya kwana da su. In mace ce kuma ta kasa yanke shawara, sai in tura ta wajen Iya, ta sha faɗa ta dawo da kalar da ta dace.

Shuɗin zanen nan kuwa, da Zulfa ta haihu Iya ta wanke shi da kanta ta ba ta, ta ce a goya 'yarmu Ruwaida da shi, zane ne mai riƙe ƙulli.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa faɗa ba, ni kuma ya tsaya mini a rai. Kwanakin baya na shiga gaishe ta, na same ta a gurbinta na kullum, wajen da fentin ya fara yin santsi da ɗan duhu saboda bayanta. Na zauna a ƙasa kusa da ita na ce, “Iya, tsakani da Allah, jan nan ya kai na Aujara?”

Ta shafa bangon da tafin hannunta.

“Bai kai ba.”

“Har yanzu? To me ya rage in ƙara?”

“Ba na bokiti ba ne, maigida. Wancan ma ba a ranar da muka daɓe shi ya yi haka ba. Sauran jan, baya ne ke kawo shi. Sai an yi shekara goma ana jingina.” Ta gyara zama, ta manna kafaɗarta da bangon, ta lumshe ido. “Uku ta tafi. Tashi ka ba ni wuri, aiki nake yi.”